Daga Rumbu Zuwa Gadon Asibiti: Tarihin Zazzaɓin Lassa a Yammacin Afirka

Gabatarwa

Tun ranar da ɗan Adam ya fara noma yana tanadin abin da ya girbe, ya kuma ɗaure dabba a turke, ya ƙulla maƙwabtaka da dabbobi wadda har yau ba ta yanke ba. Wasu dabbobin shi ya kawo su gida da hannunsa, kamar saniya da akuya da kaza da kare. Wasu kuwa, irin su ɓera da jemage, su suka gayyaci kansu. Wannan zaman tare ya ba shi nono da nama da taki, amma kuma ya buɗe ƙofar da cututtuka ke bi su tsallako daga jikin dabba zuwa jikin mutum. Masana kiwon lafiya sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin mutane daga dabbobi suka samo asali, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na sababbin cututtukan da ke ɓullowa ta wannan hanya suke zuwa. Haukan kare da murar tsuntsaye da Ebola duk 'yan wannan dangi ne.

A cikin dangin akwai guda da take ɗauke da sunan wani gari na arewa maso gabashin Nijeriya, wato zazzaɓin Lassa. Littattafan likitanci sun rubuta cewa an gano ta a shekarar 1969, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya soma a wannan shekara shi ne ganin cutar, domin ita kanta ta daɗe tana kwana a ɗaki ɗaya da mutanen wannan yanki. Wannan maƙala za ta bi sawunta daga asibitin mishan na Lassa zuwa Jos, da Amurka, da Saliyo, sannan ta dawo gida. Manufar ita ce a nuna cewa duk wani ci gaba da aka samu a yaƙi da cutar ya zo ne a lokacin da aka faɗaɗa inda ake dubawa, daga baƙi zuwa 'yan ƙasa, daga majinyaci zuwa ɓera, kuma sauran wuri guda da har yanzu ba a dube shi yadda ya kamata ba, wato gidan talaka da rumbunsa.

Lassa, Janairun 1969

Lassa gari ne na Margi da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba a kudancin jihar Borno ta yau. A shekarar 1969 yana cikin tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, a daidai lokacin da hankalin ƙasar duka ya karkata ga yaƙin basasa. A garin akwai ƙaramin asibiti na mishan ɗin Church of the Brethren, inda wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka mai suna Laura Wine take aiki. A cikin watan Janairu ta fara jin ciwon baya da zazzaɓi. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, babu wanda zai yi mamakin irin wannan rashin lafiya, saboda haka aka ba ta magungunan da aka saba. Zazzaɓin bai sauka ba. Maƙogwaronta ya yi gyambo, fuska da wuya suka kumbura, fitsari ya ragu, alamun zubar jini suka bayyana a ƙarƙashin fata. Da abin ya gagara, sai aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan ɗin Sudan Interior Mission da ke Jos. A nan ta rasu a ranar 26 ga Janairu.

Da a ce abin ya tsaya nan, da mai yiwuwa an rubuta mutuwarta a matsayin zazzaɓi mai tsanani an rufe fayil. Amma ba a jima ba sai wata ma'aikaciyar jinyar da ta kula da ita, Charlotte Shaw, ta kwanta da irin alamun. An ruwaito cewa tana da ɗan yanka a yatsa sa'ad da take goge wa marigayiyar baki. Ita ma ta rasu a watan Fabrairu. Likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup, ta buɗe gawar don ta ga abin da ya kashe ta, shugabar ma'aikatan jinya Lily Pinneo, wadda ake kira Penny, tana taimaka mata. Kafin watan ya ƙare Pinneo ita ma ta kamu.

Mata uku masu aiki iri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, a cikin makonni kaɗan: wannan ya isa ya tabbatar wa Dokta Troup cewa tana fuskantar cutar da ba ta cikin littattafanta. Aka kai Pinneo Legas, daga can aka wuce da ita New York a farkon watan Maris, tare da samfurin jinin waɗanda suka rasu. Ta yi makonni tana tsakanin rai da mutuwa a asibitin Columbia Presbyterian, amma Allah ya yi da sauran kwananta a gaba.

Ƙwayar cuta ta tsallaka teku

Dokta John Frame, masanin cututtukan ƙasashe masu zafi wanda yake duba lafiyar 'yan mishan ɗin, shi ya aika da samfuran zuwa sashen binciken ƙwayoyin cuta na Jami'ar Yale. A can masana uku, Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs, suka duƙufa a kai. Buckley ce ta samu nasarar rayar da ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje, Casals kuma ya gwada ta da ɗimbin ƙwayoyin bairos da aka riga aka sani, bai sami wadda ta yi daidai da ita ba. Ke nan sabuwa ce ga ilimin zamani. Bisa al'adar masu wannan fanni ta kiran ƙwayar cuta da sunan wurin da aka fara samun ta, sai aka raɗa mata Lassa. Da aka dube ta a madubi mai tsananin ƙarfi, an ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo a cikinta kamar yashi, shi ya sa ake kiran danginta da wani suna da aka samo daga kalmar yashi a harshen Latin.

Ƙwayar ba ta ƙyale masu bincikenta ba. A watan Yunin 1969 Casals da kansa ya kamu, ya kai ga halin da aka fara fid da rai. Likitoci suka yanke shawarar ɗibar ruwan jinin Pinneo, wadda ta warke kuma jininta ke ɗauke da sinadaran garkuwa, suka ƙara masa, ya kuwa tashi. A watan Disamba wani ma'aikacin ɗakin gwajin mai suna Juan Roman, wanda ba ya ma aiki kai tsaye da wannan ƙwaya, ya kamu ya rasu. Daga nan Yale ta dakatar da duk wani aiki da rayayyar ƙwayar, aka mayar da shi cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta, inda ake da ɗaki mai tsaro na musamman. Har yau Lassa tana cikin ƙwayoyin da ba a yarda a raya su ba sai a ɗakunan gwaji masu matakin tsaro mafi girma.

A wannan gaɓa ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Cikin shekara guda duniya ta san sunan cutar, manyan jaridun Amurka sun ba da labarinta, an kuma sauya dokokin aiki a ɗakunan gwaji saboda ita. Mutum biyar ne suka jawo wannan duka, kuma babu Bamargi ko Bahaushe ko Birom a cikinsu. Wannan ba ya rage darajar sadaukarwar matan da suka rasu suna jinyar mutanen da ba danginsu ba. Abin da yake nunawa shi ne cewa a lokacin, jinin da ake iya ɗauka a jirgi zuwa Yale shi ne jinin da ke iya ba da shaida.

Jos, 1970

Shekara guda bayan rasuwar Laura Wine, cutar ta koma asibitin Jos, wannan karon a ɗakin majinyata 'yan ƙasa. Wata mai jego da aka kwantar a ƙarshen Disambar 1969 da zazzaɓi mai zafi ita ake jin ta shigo da ita. A cikin Janairu da Fabrairun 1970, majinyatan da suka kwana ɗaki ɗaya da ita, da masu zuwa dubiya, da ma'aikatan asibiti suka rinƙa faɗuwa. Kusan mutum 30 suka kamu, kusan rabinsu suka rasu. Dokta Troup, wadda ta tsira a karon farko, ta sake buɗe gawa don ta tabbatar da zatonta. Wuƙar aiki ta yanke ta a yatsa, ta kamu, ta rasu a cikin Fabrairun 1970. Penny Pinneo kuwa ta komo Jos a wannan shekara ta ci gaba da aiki, tun da jikinta ya riga ya sami garkuwa.

Masana daga ɗakin binciken ƙwayoyin bairos na Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin Donald Carey, suka je Jos suka bi diddigin annobar, suka ɗebi jinin mutane a gari da ƙauyuka. Abin da suka samu ya sauya fahimtar cutar. Akwai mutanen da jininsu ke ɗauke da alamar sun taɓa kamuwa sun warke, alhali ba su taɓa kwanciya a asibiti ba. Wato cutar da aka ɗauka baƙuwa ce mai kashe duk wanda ta taɓa, ashe 'yar gida ce da ke yawo cikin jama'a a ɓoye. A shekarun da suka biyo baya masana 'yan Nijeriya irin su Akinyele Fabiyi da Oyewale Tomori suka ci gaba da wannan bincike daga Ibadan. Wannan shi ne karo na farko da aka faɗaɗa dubawa, kuma nan take ya haifar da tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan cutar ba ta asibiti, ina take zaune?

Gano maɓoyar cutar

Amsar ba ta fito daga Nijeriya ba, domin a shekarar 1972 cutar ta bayyana a yammacin yankin, nesa da Borno da Filato. Ta ɓulla a asibitin Zorzor da ke arewacin Laberiya, inda ta kashe wata sananniyar ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, Esther Bacon. Ta kuma ɓulla a Panguma da ke gabashin Saliyo, yankin da ake haƙar lu'ulu'u. Wata tawaga da Thomas Monath yake cikin jagororinta ta je Panguma ta ɗana tarkuna a gidajen marasa lafiya da kewayensu, ta kama ɓeraye da jemagu da sauran ƙananan dabbobi, aka gwada su. A jikin nau'i ɗaya aka sami ƙwayar, wato wani ɓera da masana ke kira Mastomys natalensis. An wallafa sakamakon a 1974.

Wannan ɓera ba baƙo ba ne ga manomin Afirka. Macensa tana da nonuwa masu yawa, har sukan kai 24, kuma takan haifi 'ya'ya fiye da goma a ciki ɗaya, sau da dama a shekara. Yana rayuwa a gona da ciyayi, yana kuma shiga ɗaki da rumbu idan abinci ya koma can. Ƙwayar ba ta sa shi rashin lafiya. Yakan ɗauke ta tsawon lokaci yana zubar da ita a fitsari da kashi, a kan hatsi, da garin rogo, da kwanukan da aka bari a buɗe, da ƙasar ɗakin da za a share da safe ƙura ta tashi. Mutum yakan kamu idan ya ci abin da ya gurɓata, ko ya shaƙi ƙurar, ko ƙwayar ta shiga ta wani rauni a fatarsa, ko kuma wajen kamawa da fiɗar ɓeran a wuraren da ake cin sa. Daga baya, a 2016, wani bincike ya nuna cewa akwai wasu nau'o'in ɓeraye a Nijeriya da Gini da su ma ke ɗaukar ƙwayar.

Bayan gano ɓeran, Joseph McCormick ya kafa aikin bincike na dogon zango a gabashin Saliyo tun daga 1976. A nan ne aka auna nauyin cutar a kan jama'a. An gano cewa a wasu asibitocin yankin, tsakanin kashi 10 zuwa 16 cikin 100 na waɗanda ake kwantarwa Lassa ce ke damun su. Daga irin waɗannan ayyuka aka fitar da siffar cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa a yau. Alamu kan bayyana cikin makonni uku da kamuwa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna alama ko kuma sukan yi ɗan zazzaɓi su warke. A jimlace kimanin mutum ɗaya cikin 100 ke mutuwa, amma a cikin waɗanda ciwon ya tsananta har aka kwantar da su, adadin yakan kai 15 cikin 100 ko fiye. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira sukan sami matsalar ji, wasu ta warke, wasu ta zame musu kurumta ta dindindin. Ga mace mai tsohon ciki kuwa haɗarin ya fi tsanani, domin a mafi yawan lokuta akan rasa ɗan tayin, sau da yawa har da uwar. A 1986 McCormick da abokan aikinsa suka wallafa cewa maganin ribavirin yana rage mutuwa idan an fara ba da shi cikin kwanaki shida na farko. Shi ake amfani da shi har yanzu, ko da yake masana na baya sun sake duba hujjojin sun ce akwai buƙatar gwaji mafi inganci.

Shekarun da ta yi kafin a raɗa mata suna

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Da aka waiwaya aka gwada jinin tsofaffin 'yan mishan da suka taɓa yin wani zazzaɓi da ba a gane ba, an sami waɗanda alamu suka nuna Lassa ce ta kama su tun a shekarun 1950. A daidai waɗannan shekaru wani likita a Segbwema ta Saliyo, John Rose, ya bayyana wata cuta mai kama da ita a asibitinsa. Amma shaidar da ta fi kowace nisa ta zo ne a 2015, lokacin da wata tawagar masana, ciki har da Christian Happi na Jami'ar Redeemer's da likitocin asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo da na Kenema a Saliyo, suka karanta tsarin halittar ƙwayoyin da aka samo daga majinyata da ɓeraye. Ƙwayar bairos tana sauyawa kaɗan-kaɗan yayin da take hayayyafa, kuma ta hanyar auna bambancin da ke tsakanin rassanta ana iya ƙiyasta lokacin da suka rabu. Lissafin ya nuna cewa asalin ƙwayar yana yankin da ake kira Nijeriya a yau, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma a cikin 'yan ɗaruruwan shekarun baya ne ta bazu zuwa Gini da Laberiya da Saliyo.

Ma'anar wannan ita ce, tun zamanin da daular Kanem take tashe, kafin a kammala ganuwar Kano, wannan ƙwaya tana nan a wani sashe na ƙasar. Babu tarihin baka ko rubutacce da ya ware ta da suna, kuma dalilin a bayyane yake. A farkonta ba ta da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a ƙarshenta kuma takan yi kama da shawara. Ba ta share gari gaba ɗaya kamar yadda agana ko sanƙarau suke yi, sai dai ta ɗauki mutum ɗaya a wannan gida, mai ciki ɗaya a wancan. Irin wannan mutuwa takan shige cikin sauran mace-mace ba tare da ta bar tabo a ƙwaƙwalwar al'umma ba. Garin Lassa bai haifi cutar ba, kuma ba shi ne inda ta fi yawa ba, amma shi ya gaji sunan. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a daina kiran sababbin cututtuka da sunan gari ko ƙasa ko ƙabila saboda ƙyamar da hakan ke jawowa, sai dai ƙa'idar ba ta shafi sunayen da suka riga suka kafu ba.

Asibiti, inda ake ganin ta da inda take ƙaruwa

Akwai wani zare da ya ratsa wannan tarihi tun daga farkonsa, shi ne cewa masu jinya su ne kan gaba wajen biyan farashi. Cutar tana iya wucewa daga mutum zuwa mutum ta jini da fitsari da amai da sauran ruwan jiki, kuma babu inda ake cuɗanya da waɗannan kamar asibiti. A 1989 ta shiga wasu ƙananan asibitoci biyu a jihar Imo. Binciken da aka yi ya ƙirga mutum 34 da suka kamu, 22 suka rasu, ciki har da likitoci da ma'aikatan jinya, kuma ya danganta yaɗuwar da sake amfani da sirinji da yin tiyata ba tare da isasshen kayan kariya ba.

A Saliyo, Dokta Aniru Conteh ya riƙe ɗakin masu Lassa na Kenema a tsawon yaƙin basasar ƙasar, lokacin da masu bincike na waje suka fice. A 2004 allura ta soke shi yana ɗibar jinin wata majinyaciya, ya rasu a watan Afrilu da cutar da ya shafe shekaru fiye da ashirin yana yi wa wasu magani. Wanda ya gaje shi, Dokta Sheik Umar Khan, Ebola ce ta kashe shi a Yulin 2014. A Janairun 2020 kuma Kano ta yi rashin likitoci biyu da suka kamu bayan yi wa wata mai ciki tiyata ba tare da an san abin da take ɗauke da shi ba. Tsakanin yatsan Dokta Troup da ɗakin tiyatar Kano akwai shekara 50 cif, amma labarin kusan ɗaya ne: zazzaɓin da aka ɗauka na sauro ne, da sakamakon gwajin da bai zo ba sai bayan an taɓa jini.

Zamanin ƙirge

Shekaru da dama Nijeriya ba ta da hanyar tabbatar da cutar a cikin gida sai an aika da jini waje. Kafa cibiyar bincike da kula da masu Lassa a Irrua, da ƙarin ɗakunan gwaji a wasu jihohi, da ƙarfafa Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, wadda aka sanya wa dokarta hannu a Nuwamban 2018, su suka sa aka fara ƙirge na mako-mako. A 2018 an tabbatar da kamuwar fiye da mutum 600, fiye da 170 suka rasu. A 2020 waɗanda aka tabbatar sun haura 1,100, mamata sun haura 240. Jihohin Edo da Ondo da Bauchi da Taraba da Ebonyi su ne sukan fi yawa, kuma adadin yakan tashi ne da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Idan aka kwatanta waɗannan alƙaluma da ƙiyasin da aka daɗe ana ambato na yammacin Afirka duka, wato kamuwa 100,000 zuwa 300,000 da mutuwa kimanin 5,000 a shekara, za a ga cewa abin da ke isa takarda ɗan kaɗan ne daga abin da ke faruwa a ƙauyuka.

Annobar 2018 ta tayar da fargabar cewa ko ƙwayar ta rikiɗe ta zama mai saurin wucewa tsakanin mutane. Masana suka karanta tsarin halittar ƙwayoyin da aka samo daga majinyatan shekarar, suka tarar ba sabuwa ba ce, kuma ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Mafi yawan majinyatan kowa daga nasa ɓeran ya ɗauko. Wannan sakamako ya kwantar da hankali, amma kuma ya nuna inda gizo ke saƙar. Ko da an toshe duk wata kafa a asibiti, cutar za ta ci gaba da shigowa ta ƙofar gida a kowane rani. A Janairun 2019 aka yi babban taron ƙasa da ƙasa a Abuja na cikar shekara 50 da gano cutar. A 2024 aka fara mataki na biyu na gwajin wata allurar rigakafi a Abuja, amma har zuwa rubuta wannan maƙala babu allurar da aka amince a yi wa jama'a.

In ɓera da sata

Karin maganar Hausa ta ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓeran Lassa yana bin abinci ne, kuma yadda mutane ke rayuwa shi ke nuna masa hanya. Bayan kaka hatsi yakan bar gona ya koma rumbu da ɗaki, sau da yawa ɗakin da ake kwana. Ƙonan daji yakan kore shi daga ciyayi zuwa cikin gari. Shanyar rogo da masara da barkono a gefen kwalta takan bar abinci a buɗe tsawon yini, wani lokaci har ya kwana. Juji a bayan katanga yakan zame masa masauki, bango mai tsaga da ƙofa marar dokin ƙofa kuma su zame masa hanya. Binciken da aka yi a ƙauyukan Gini ya nuna cewa ɓeran ya fi yawa a cikin ɗakuna da rani, daidai lokacin da cutar ke tashi. A yankin Faranah na ƙasar an gwada sanya guba a gidaje, adadin ɓerayen ya faɗi, amma cikin 'yan watanni suka dawo, saboda abincin da ya kira su yana nan kuma suna da saurin haihuwa.

Saboda haka wa'azin tsafta kaɗai ba zai wadatar ba. Matar da ke shanya gari a bakin titi ba ta da dandamalin siminti ko injin busarwa. Magidancin da ke ajiye buhunan gero a ɗakin kwanansa yana tsoron ɓarawo ne mai ƙafa biyu. Rumbun gargajiya da ake ɗora shi bisa duwatsu a rufe bakinsa ya nuna cewa kakanninmu sun san maƙwabcin nan sun kuma yi masa shiri, sai dai cunkoson gari da buhun leda sun ture wannan dabara ba tare da an maye gurbinta da wadda ta fi ta ba. Ganga ko randa mai murfi, da wurin shanya mai tsawo daga ƙasa, da kwashe shara a kan kari, da liƙe ramuka, duk ayyuka ne da ba na likita ba. Na malamin gona ne, da duba-gari, da magini, da mai unguwa, da shugaban ƙaramar hukuma. Haka nan limamai da masu wankan gawa suna da rawar da za su taka wajen amfani da safar hannu idan ana zargin cutar. Tunanin da ake kira lafiya ɗaya, wanda ke ɗaukar lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a matsayin abu guda, a kan irin wannan haɗin hannu ya ginu, kuma Nijeriya ta ƙaddamar da tsarinta na ƙasa a kansa a 2019.

Kammalawa

Tarihin zazzaɓin Lassa ya nuna matakai uku na buɗewar ido. A 1969 an ga cutar a jikin baƙi, aka ba ta suna. A 1970 an gan ta a jikin 'yan ƙasa, aka fahimci cewa ta daɗe a cikinsu. A 1972 an gan ta a jikin ɓera, aka san maɓoyarta. Kowane mataki an biya shi da rayukan mutane, wasu an adana sunayensu, mafi yawa kuma sun shiga tarihi a matsayin alƙaluma. Ilimin da aka tara ya isa a hana mutuwa da yawa tun yau, kafin ma allurar rigakafi ta iso: a yi zargin Lassa ga duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro bayan kwana biyu ko uku, a kusanto da gwaji ga asibitocin karkara, a wadata ma'aikata da safar hannu da takunkumi, a kuma raba hatsi da ɓera. Mataki na huɗu, wanda ya rage wa wannan zamani, shi ne hukumomi su ɗauki ɗakin ajiyar manomi da wurin shanyar matarsa da muhimmancin da suke ba ɗakin gwaje-gwaje, su ware musu kuɗi a kasafi, domin a nan ne cutar take kwana kafin ta isa gadon asibiti.